Condy Ya Koma Yaren Uwarsa

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Na ba kaji hatsi. Na wanke bas ciki da waje, alhali ba wani datti ta yi ba. Hular mijina Condy na ƙarƙashin kujerar gaba, inda ta faɗi jiya. Na ɗauko na kakkaɓe ta, na rasa inda zan ajiye, na mayar da ita inda na same ta.

Baƙi masu yawon buɗe ido goma sha ɗaya ke jiran mu yau. Na bi su a waya ɗaya bayan ɗaya na ce ba fita. Wata mata ta ce, "Saboda ruwan saman nan ne?" Na ce mata e, saboda ruwa ne.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Yanzu na dawo daga asibiti. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Likita ya faɗi sunan abin, ya zana mini kan mutum a takarda, ya kewaye wani wuri a ɓangaren hagu da biro. Ba zan rubuta sunan a nan ba.

Condy barci yake. Shekara ashirin da tara da aurenmu, ban taɓa zama kusa da Condy awa uku bai ce komai ba. Mutumin da ko a barci gardama yake da wani.

Ban yi kuka ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe takwas na yamma

'Yarmu Sorcha ta kira daga Glasgow sau huɗu. Cikinta ya shiga wata tara, ba mai barin ta ta hau jirgi. Ta ce, "Mama, ki faɗa mini gaskiya." Na ce babanta na hutawa. Ta ce, "Baba bai iya hutawa ba." Ta ce in riƙa rubutu, wai yana rage nauyin ƙirji. Na ce na riga na fara.

To bari in rubuta shi sau ɗaya, kada in sake.

Shekara goma sha tara muna wannan aiki. Ni ke tuƙi, shi ke magana. Mu ɗebi baƙi a ƙofar otal ƙarfe tara, mu kai su wurin tsoho Manus su ga saƙar ulu, mu wuce gidan Attracta, yayar Condy, su ga kwaɓin burodi su ci da man shanu. Daga nan sai fadama, inda ake yanko baƙar ƙasar da muke busarwa mu hura wuta da ita, mu ƙare a bakin teku. Ni ko sannu ba na ce wa kowa sai in ta kama. Condy kan ce da su, "Wannan matata ce, Dympna. Kada ku dame ta, rayukanku na hannunta."

Ranar Talata muna fadama. Yana tsaye da doguwar shebur ɗin yankan ƙasa, yana ba su labarin kakansa da ya tono tukunyar man shanu da aka binne tun kafin a gina cocinmu. Na ji labarin nan ya fi sau dubu. Ya zo daidai wurin da yake cewa, "Sai kakana ya ɗaga murfin," sai ya tsaya. Baƙi suka yi dariya, sun ɗauka salo ne. Ya sake buɗe baki. Shebur ta zame daga hannunsa na dama, ya bi ta da kallo kamar bai san ta ba.

A cikin baƙin akwai wani Bajamushe, likitan dabbobi. Shi ya riga ni isa wurinsa. Ya dubi agogo ya ce mini, "Biyu saura kwata. Ki riƙe wannan lokacin, za su tambaye ki."

Biyu saura kwata. Sauran ba sai na rubuta ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, da yamma

An yi ruwa. Ya buɗe ido, ya rufe.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Ya yi magana!

Ina gyara masa bargo sai na ji muryarsa. Bakin ya ɗan karkace, maganar na fitowa da nauyi, amma magana ce. Nas ɗin da ke kula da shi, Sheeba, 'yar Indiya, ta juyo da murna ta ce, "Me ya ce?" Ni ma abin da nake shirin tambayar ta ke nan.

Gelik yake yi, yaren uwarsa, wanda ya tashi da shi kafin ya shiga makaranta. Na ce, "Condy, ni ce. Yi mini Turanci." Ya dube ni, ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Babu. Gelik ɗin ne ya sake fitowa.

Ni 'yar birnin Derry ce, ba a koya mana shi a makarantarmu ba. Duk zamana a ƙauyen nan, abin da na iya bai wuce gaisuwa ba, da "rufe ƙofa", da zagi uku da na tsinta a bakin surukata, Allah ya ji ƙanta. Kullum cewa nake zan koya. Amma da Condy a gida, ina mutum zai ga sararin koyon wani abu? Kafin in tambaya ya fassara, ya ƙara da nasa.

Na gaishe shi da yaren. Ya amsa. Na rasa na ƙari, na sake gaishe shi. Ya sake amsawa a hankali, don kada in ji kunya. Iyakar hirarmu ke nan yau.

Lahadi, 9 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Attracta ta bi ni asibiti bayan coci. Tana shiga ta ja kujera, ta faɗa masa wani abu, sai ga shi yana amsawa. Kalma uku, huɗu, ya maƙale, ta ƙarasa masa, ya gyaɗa kai. Har rabin bakinsa ya yi murmushi. Minti arba'in suka yi. Ni ina bakin taga ina ɓare lemon da ba mai sha.

A hanya na ce, "Me yake cewa?"

"Ba wani abu ba. Tumaki."

"Minti arba'in, Attracta?"

"Tumakin babanmu ne. Suna da yawa."

Na san ba da mugunta ta faɗa ba. Haka take tun ran da Condy ya kawo ni gidansu, ta dubi takalmina mai tsini ta ce, "A nan za ki zauna da waɗannan?"

Ban yi kuka ba.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau zan fita da baƙi, goma sha huɗu. In bas ɗin nan ta tsaya, ba mu kaɗai muka tsaya ba.

Litinin, ƙarfe tara na yamma, har yanzu da haske

Na sa makirufon Condy a kai, yana ta ƙamshin man gashinsa. Na ce, "Barkanku da safiya." Lasifika ta yi ƙara, wata tsohuwa ta toshe kunne. Muka yi mil biyar shiru. Na ce, "A hagunku teku ne." Suka duba. Can na ce, "A damanku tumaki ne." Wani Ba'amurke daga baya ya ce, "Mun gode, da ba mu gane ba." Aka yi dariya. Ni dai na riƙe sitiyari.

Manus ya fito bakin rumfarsa. Shekararsa tamanin da ɗaya, kunne ɗaya ya mutu.

"Ke 'yar Derry, ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya riga ya ji, kowa ya ji. Mutumin da shekara goma sha tara yana zaune yana jefa ƙoshiya Condy na bayani a kansa, yau shi ya buɗe baki. Ya nuna musu yadda ake rina ulu da ɓawon albasa da gansakukar dutse. Ya bar wata 'yar Japan ta taka masaƙar, ya ce in ta zauna wata shida zai ba ta aiki, in ta kai shekara zai aure ta.

Da suka shiga shafa yadi, ya yafito ni.

"An ce ya koma yaren gida."

"E."

"Ke kuma ba ki ji."

"Ba na ji."

"Shekara talatin kina me?"

"Tuƙi."

Ya yi tsaki, ya buga bencin da ke kusa da shi. "Zauna. Minti goma kullum, kafin waɗannan su gama zaɓen mayafin wuya. Ce 'ruwa'." Ya faɗa, na maimaita. "Yesu da Maryamu! Ruwa na ce, ba tari ba. Daga nan take fitowa." Ya dafa maƙogwaronsa.

Na yau: ruwa, zafi, sanyi, ciwo, ina. Na rubuta su a bayan hannuna yadda kunnena ya ji.

Ban bi ta fadama ba. Na ce musu hanya ta jiƙe.

Talata, 11 ga Yuni, da yamma

Mako ɗaya. Biyu saura kwata ta same ni ina ƙirga baƙi a bakin teku. Sau uku na ƙirga.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe tara na yamma

Yanzu haka kwanakin suke: in sauke baƙi ƙarfe huɗu da rabi, in kama hanyar asibiti, in dawo kafin rana ta faɗi.

Ya ƙi cin abinci. Kifi ne da dankali, ya ture farantin da hannun hagu. Na haɗa kalmomin da Manus ya ba ni, na tsaya a kansa, na ce da ƙarfi, "Ci abincinka!" Ya dube ni. Ya dubi ƙarshen gado. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na tsorata, har na juya zan kira Sheeba, ashe dariya ce. Tsohon da ke gadon kusa, mutumin tsibiri ne, yana jin yaren, ya ce, "Baiwar Allah, ƙafarsa kika ce ya ci."

Condy ya yi dariya har hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi. Na goge masa. Ya ci rabin dankalin.

Dariyarsa na nan yadda take. Ita abin bai taɓa ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Muna dawowa daga asibiti Attracta ta ce, "Dympna, zan faɗi magana, kada ki ɗauke ta da zafi."

"To."

"Ran da aka sallame shi, gidana ya kamata ya zo. Ɗakin da aka haife shi yana ƙasa, ba hawa bene. Ni ina gida yini guda, ke kina kan hanya."

"Mijina ne."

"Na sani, ina wurin aka ɗaura. Ni kuma ƙanena ne. In ya ce ƙirjinsa na ciwo, me za ki ji? Ki ce ya ci ƙafarsa?"

Ashe labarin ya zagaya.

Na sauke ta a ƙofarta. Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya ta yi ba.

Litinin, 17 ga Yuni, da yamma

Na kai mata baƙi kamar kullum. Muka yi wa juna murmushi a gabansu. Ta kwaɓa gari da madara mai tsami, ta tsaga burodin gicciye da wuƙa, ta ce don aljanu su samu hanyar fita. A nan ne Condy kan ce, "Ita ta san su, tare suka yi makaranta." Maganar ta zo mini har baki. Na haɗiye.

Ban bi ta fadama ba.

Talata, 18 ga Yuni, da safe

An yi ruwa. Kaji sun daina ƙwai, ko kuwa ni ce na daina dubawa.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe tara na yamma

Na haɗu da matar da ke koya masa magana. Ta ce Turancin na iya dawowa, duka ko rabi, yana iya ƙin dawowa. Na ce yaushe za a sani. Ta ce ba ta sani ba. Ta fi likitan kwanta mini, ita ba ta zane.

Ta nuna masa kofi, ya faɗi sunansa da Gelik. Ta nuna agogo, ya faɗa. Ta nuna ni ta ce, "Wace ce wannan?" Ya buɗe baki ya rufe. Sunayen mutane ba sa zo masa, ta riga ta gargaɗe ni. Ya daɗe yana nema. Daga ƙarshe ya kama hannuna ya ɗaga mata sama, kamar mai kawo shaida gaban alƙali.

Juma'a, 21 ga Yuni, ƙarfe tara da rabi na yamma

Yau ba ta yi daɗi ba. Ko ta yi. Ban sani ba.

Tun shigata yake faɗin wata magana, gajera, ƙarshenta na tashi kamar tambaya. Babu kalmar da na sani a ciki. Na kawo ruwa, ya girgiza kai. Na ce, "Sanyi?" Na ja bargo, ya ture. "Ciwo? Ina?" Ya sake faɗa, da ƙarfi. Na buɗe taga, na rufe taga, na kira Sheeba ta auna shi, ta ce lafiya lau. Tsohon nan mutumin tsibiri an sallame shi jiya, ba mai taimako. Condy ya faɗa karo na bakwai ko na takwas, ya doki katifa da hannun hagu, kofin shayi ya faɗi ya fashe. Sai ya juya fuska bango.

Na tsince fasassun. Na fita baranda na tsaya da waya a hannu. Kwana biyar ban ce wa Attracta komai ba sai a gaban baƙi. Na kira ta.

"Yana faɗin wani abu, ba na ji."

Ba ta ce "ai na faɗa miki" ba. Ta ce, "Kai masa wayar."

Na kara masa a baki. Ya faɗa, a gajiye. Na mayar kunnena. Shiru.

"Attracta?"

"Ina nan." Ta gyara murya. "Tambayar ki yake ko kin ci abinci. Ya ce kin rame."

Na zauna a bakin gadon. Ban san lokacin da abin ya zo ba. Kwana goma sha bakwai nake riƙe da shi, yau ya ƙwace. Na kifa kaina a cinyarsa ina ta yi, har Sheeba ta zo ta ja labule. Ya ɗora hannun hagu a kaina yana bubbugawa, yana wata magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa saniya in ta firgita. Ita ma ban ji ba. Ban nemi fassara ba.

Asabar, 22 ga Yuni, da yamma

Da baƙi suka fita kallon lambun Attracta, ta dire faranti a gabana, farfesun rago da dankali.

"Zauna."

"Suna jira na."

"Su jira. Ba zan koma in ce masa ba ki ci ba."

Ta tsaya a kaina har na suɗe. Sannan ta faɗi kalma biyu, ta sa na maimaita sau biyar. "Ma'anarsa 'na ci'. Ki faɗa masa yau. Kuma duk ran da kika faɗa, kada ya zama ƙarya."

Na faɗa masa. Ya ɗaga gira, ya matsa damtsena yana dubawa, kamar mai sayen tunkiya.

Litinin, 24 ga Yuni, da yamma

Na yi wa baƙi magana daga otal har wurin Manus ban tsaya ba. Ba labaran Condy ba, nasa sun fi ƙarfina. Na gaya musu wanda ya gina kowace katangar dutse, da gidan da akuya ta taɓa shiga ta cinye rigar amarya. Wata mata ta ce in rubuta littafi.

Manus ya ce yanzu tarina ya fara kama da magana.

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe takwas na yamma

Sorcha ta haihu ƙarfe goma na safe. Mace. Lafiya lau, su biyun.

Tun makon jiya na sa Manus ya koya mini duka biyu, na namiji da na mace, don kada in je hannu rabbana. Na tsaya a gaban Condy na ce, "'Yarka ta haihu. Mace." Ya sa na sake faɗa, ba don bai ji ba. Na nuna masa hoton a waya. Ya sa babban yatsa a kan fuskar jaririyar, hoton ya zame ya ɓace, ya dube ni a firgice. Na dawo masa da shi. Sau huɗu muka yi haka kafin ya haƙura ya kalla da ido kawai.

Ni na fara faɗa masa. Da bakina.

Alhamis, 27 ga Yuni, ƙarfe tara na yamma

Yau na bi ta fadama.

Ba jarumtaka ba ce. Wani dattijo ɗan Kanada ne ya ce saboda ita ya zo, kakarsa ta yi ta ba shi labarin ƙamshin hayaƙinta. Ba na iya ce wa irin wannan mutum hanya ta jiƙe, ga rana tana ƙyalli.

Akwai wani abin kuma da nake gudu. Tun watan Mayu Condy ya yanka namu gunduwoyin baƙar ƙasar na hunturu ya shimfiɗa. Ya kamata a ce mako uku da suka wuce an tayar da su tsaye, a jingina su da juna iska ta ratsa. In ba a yi ba, ruwa ya cinye su. Na san sun lalace, ba na son gani.

Na tsayar da bas na sauka. Ga su nan a tsaye, layi-layi har ƙarshen gonarmu, sun bushe sun yi tauri. Ba ɗaya a kwance. Shebur ɗinsa an wanke ta, an soke ta a bakin ramin.

Na nuna wa baƙi yadda ake yanka. Na ba ɗan Kanada guda ɗaya ya naɗe a jarida. Biyu saura kwata ta wuce ban ma duba ba.

Da yamma na biya ta wurin Manus. Na ce, "Su wa suka yi gayya a fadamarmu?"

Ya juyo mini mataccen kunnen.

Na zagaya ta ɗayan. "Su wa?"

"Mutane."

"Wa ya tara su?"

"Wata mai ciwon ƙugu da ba ta jin magana. Yini biyu tana duƙe. Ni ban faɗa miki ba."

Juma'a, 28 ga Yuni, da yamma

Na ce da Attracta na ga fadama. Ta ce, "To," ta ci gaba da kwaɓi. Na ɗauki tsumma na goge mata tebur. Ta ce ba haka ake gogewa ba.

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe tara na yamma

Ranar Alhamis za su sallame shi. Yana tafiya da sanda. Hannun dama har yanzu ba ya motsi.

Na sauko da gadonmu falo, maƙwabta biyu suka kama mini. Na sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Na kuma ji cewa Attracta ta shanya katifar ɗakin ƙasa, ta sa sabon labule.

Yau muka yi maganar, a tsaye, a bayan gidanta.

Na ce, "Kalmomina ba su kai ɗari ba. Na sani."

Ta ce, "Ni kuma ba na iya ɗaga shi in ya faɗi. Na sani."

"To a tambaye shi."

"A tambaye shi."

Ban gaya mata abin da ke cin raina ba. Duk lokacin da ya ce "gida" da wannan yaren, ban san wanne yake nufi ba. Gidan da ya koyi kalmar a cikinsa ba nawa ba ne.

Laraba, 3 ga Yuli, da safe

Na ci. An yi ruwa. Na gyara gadon sau biyu.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Da bas na je ɗauko shi, ta fi sauƙin hawa. Sheeba ta rako mu har ƙofa, ta ce zai yi mata wuya ta saba da shirun ɗakin. Ya zauna a kujerarsa ta gaba, sanda tsakanin gwiwoyi. Duk hanya yana kallon waje, yana kiran sunayen abubuwa ƙasa-ƙasa. Wasu na gane: dutse, ruwa, tunkiya.

Da muka iso mararrabar ƙauye na taka birki. Dama gidanmu, hagu gidan Attracta. Na kashe injin. Tun daren jiya nake maimaita tambayar, amma da na zo faɗa kalma ɗaya ce ta fito.

"Ina?"

Bai yi jinkiri ba. Ya ɗaga hannu ya nuna hagu.

Na tayar da injin. Na ba da sigina, ko da yake ba kowa a hanyar. Na ce wa kaina ba komai, mil biyu ne, zan riƙa zuwa safe da yamma. Na ce wa kaina shi aka tambaya, ya kuma amsa. Hanyar nan da nake bi sau shida a mako, yau da ƙyar nake ganin ta.

Attracta na bakin ƙofa da gari a hannu. Ta gan mu, ta dube ni, ban iya duban ta ba. Na sauka na zagaya na buɗe masa, na miƙa hannu. Bai kama ba. Ya zauna daram, ya kira ta da hannu. Ta matso. Ya yi mata magana, doguwa, ya maƙale sau biyu, wannan karon ba ta ƙarasa masa ba, ta jira shi. Da ya gama ta tsaya tana kallon sa. Sai ta juya ta shige ciki.

Na ce, "Condy, sauko mana." Ya girgiza kai.

Ta fito da burodi guda naɗe a tsumma, ta ɗora masa a cinya. Idonta ya yi ja, amma bakinta na rawa da dariya.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce burodi ya zo karɓa. Wai naki yana karya haƙori, shi kuma yanzu da gefe ɗaya yake tauna." Ta share ido da bayan hannu, gari ya shafe mata kumatu. "Me kike tsaye kina kallo na? Kai mijinki gida, kafin ya huce."

Na rufe ƙofar, na juya bas a farfajiyarta, na kusa taka mata furanni, ta ɗaga murya tana faɗa. Condy ya rungume burodin da hannunsa mai lafiya har gida. Da muka iso na ce ya kawo in riƙe masa ya sauka. Ya ƙi.